Tsoho Mai Lambu da Mangwaronsa Guda Ɗaya

Akwai wani mutum mai lambu, gidansa yana bakin rafi, can ƙarshen gari. Sana'arsa auren mangwaro. In akwai wanda bai sani ba a cikinku, ga yadda abin yake: a yanko ɗan reshe daga itace mai 'ya'ya masu daɗi, a haɗa shi da ƙaramin mangwaron gida, irin mai zaren nan da ke kwana biyu a haƙoran mutum, a ɗaure su har su zama jiki ɗaya. A duk ƙasarsu ba wanda ya iya wannan aiki sai shi. Auren da ya ɗaura wa itatuwa ya fi wanda fastoci uku suka ɗaura wa mutane, kuma nasa ba a taɓa kai ƙararsa gaban dattawa ba.

Shi ma fa ba da wuƙa a hannu uwarsa ta haife shi ba. Yana saurayi ya tafi neman aiki wani gari mai nisa, ya samu lebura a gandun da ake renon itatuwa. Wani tsohon malamin gona ya ga yana da natsuwa, ya zaunar da shi ya koya masa aikin, ko goro bai karɓa ba. Ranar da zai koma gida, malamin ya naɗe masa wani ɗan reshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ce, "Wannan babu irinsa a wajenku. Je ka, ka yawaita shi."

Ya zo ya ɗaura reshen a bayan ɗakinsa, ya kama. Da itacen ya fara 'ya'ya, gari ya ɗauka. Babu zare, ƙwallon ɗan siriri kamar harshen kare, zaƙi kuwa har cikin kunne. An taɓa miƙa wa wanzamin garin guda ɗaya, mutumin da ko yana aski bakinsa ba ya hutawa, ya sha, har ya gama aske kai biyu ba a ji muryarsa ba. Daga ranar aka sa wa mangwaron suna Sha-ka-yi-shiru.

An ce masa ya yawaita. Shi kuwa ya ce a ransa, "In kowa yana da shi, ni kuma wane ne?"

Saboda haka in aka kira shi aure a lambun wani, sai ya tafi da rassan wasu iri, masu ɗan dama-dama, Sha-ka-yi-shiru kuwa ko ganyensa ba ya barin gida. Aikin ma kansa ba ya yarda a gani. Yana isa sai ya ce a kewaye wurin da zana. Ya aiki mai lambun ya kawo toka, ya kawo gashin baƙar kaza, ya kawo ruwan da ba a sa moɗa a ciki ba. Kafin bawan Allah ya gama bin kaza a cikin gari, shi ya gama aikinsa ya goge wuƙa ya sa a aljihu. Tokar da gashin kazar ba abin da suke yi, sai dai ya watsar a bayan zana. Amma mutane suka ɗauka a nan asirin yake. Wasu suka gwada a ɓoye, suka ƙarar da gashin kajinsu, ba abin da ya kama.

Wasu kuma suka ce, to ai ga ƙwallo. Duk wanda ya samu ya sha Sha-ka-yi-shiru sai ya ɓoye ƙwallon a aljihu, ya je ya shuka, ya yi ta ban ruwa yana korar awaki shekara shida, bakwai. Ranar da itacen zai yi 'ya'ya, sai ga mai zare, ga tsami kamar an jiƙa tsamiya. Mai lambu ya san ƙwallo ba ya gadon daɗin uwarsa, sai an yi aure. Yana ganinsu suna jidar ruwa da rana tsaka, ya wuce yana cewa, "Sannunku da aiki." Shekara hamsin bai taɓa cewa kowa ya daina wahalar banza ba.

Kwana ya yi ta tafiya, mutumin ya tsufa. Ido ya yi hazo, hannu ya fara rawa, ko kofin koko sai an riƙe masa. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. 'Ya'yansa maza biyu suna birni, tun suna samari suka gaji da "matsa can, ba wurin yara ba ne," suka nemi wata sana'a. Wadda ta rage tana dubansa ita ce 'yarsa Tabita, mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ma kanta tana da jikoki.

Aikinsa yanzu ɗaya ne: Tabita ta shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen, ya zauna yana tuna baya yana jin haushi. Haushin samari masu gaishe shi daga kan babur. Haushin mutanen da ke shan inuwar itatuwan da ya aura ba su san sunansa ba.

Wata rana da hantsi taubashinsa Filibus ya zo da sandarsa, tsoho ne shi ma, tun suna yara suke tsokanar juna.

Filibus ya ce, "Bawana, har yanzu kana nan? Na ɗauka ƙararrawar mutuwa da aka kaɗa jiya taka ce."

Mai lambu ya ce, "Sai na ci tuwon makokinka tukuna. Zauna, in gwiwar za ta yarda."

Ya zauna. Mai lambu ya fara karatun da ya saba. "Filibus, daga bakin rafin nan har gangaren dutse, akwai inuwar mangwaron kirki da ba hannuna ba? Lambun Sarkin Noma, ni ne. Itatuwan bayan majami'a, ni ne. Garuruwa nawa na taka da ƙafa da wuƙa a aljihu? Yau ɗan da aka haifa jiya zai wuce ni a kan babur ya ɗaga min yatsa biyu. Amma ba komai. Duk ranar da na tafi, itacen nan zai faɗa musu ko ni wane ne. Muddin ana shan Sha-ka-yi-shiru, sai an kira sunana ko ba a so."

Filibus ya ɗaga kai sama, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Kana ta ƙirga itatuwan mutane, yaushe rabonka da ka dubi naka? Ai kan itacen nan ya fi kanka sanƙo."

"Ƙarya kake."

"Tambayi Tabita."

Tabita tana gefe tana tsince wake. Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Tun bayan Kirsimeti nake share busasshen ganye. Ƙaro yana ta tsiyaya daga gindin. Rassa uku ne kawai suka rage da ɗanyen ganye, na wajen rafi."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa sau biyu. Ka ce me mace ta sani a kan itace."

Mai lambu ya lalubi gindin da tafin hannu, ya ji ƙaro ya manne masa a yatsu, ya ji ɓawon yana ɓantarewa. Ya san ciwon. Itacen da ciwon nan ya kama ba ya tashi. Abu ɗaya ya rage, a yanki rassa tun suna da rai a aura wa ƙananan mangwaro. In ba haka ba, ranar da reshen ƙarshe ya bushe, Sha-ka-yi-shiru ya ƙare a duniya, don babu na biyunsa ko'ina. Shi da kansa ya tabbatar da haka.

Washegari da safe ya ce Tabita ta sare masa reshe guda ta ajiye, ta kewaye ƙananan itatuwansa da zana, sa'an nan ta tafi rafi wanki. Ya shiga bayan zana shi kaɗai da wuƙarsa. Hannu yana rawa, ido ba ya gani. Inda zai fere reshe sai ya fere babban yatsansa. Guda tara ya ɗaura, jini duk ya ɓata ledar da yake naɗe mahaɗin da ita. Bayan sati uku ya laluba, duka taran sun bushe ƙayau. Itacen kuwa saura rassa biyu.

Tabita ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, hannunka ya gaji, nawa bai gaji ba. Kai ka faɗa da baki, ni in yi da hannu."

Ya ce, "Mace ce ke. In na koya miki, gidan wani za ki kai."

"Gidan wa, Baba? Shekarata hamsin da biyu. Haƙorana na gaba ma sun fara sallama. Wa ke zuwa zance wurina, in ba ciwon baya ba?"

"Bakinku ba ya riƙe magana. Ranar Talata za ki je zumuntar mata, kafin a yi addu'ar rufewa kowace ta iya."

"To in sun iya, sai me ya faru?"

Ya juya mata baya ya ce hannunsa zai warware in ruwan sama ya sauka, zafi ne ke sa shi rawa.

Filibus ya dawo, ya ji labari. Ya ce, "To in ba ka yarda da 'yarka ba, yanzu ai akwai masu wannan aiki a birni. A kira ɗaya ya zo."

"Baƙo ya hau min itace? Ya ɗaura min ɗaya, ya sa biyar a aljihu ya tafi? Shekara mai zuwa ka ji ana sayar da shi a bakin titi da sunan wani."

Filibus ya ce, "Kai dai bawana, da za a ba ka rana ka riƙe, da a cikin tukunya za ka kife ta. Wanda ya koya maka, shi ma zana ya kewaye?"

"Tashi ka bar min gida."

"Zan tashi, gwiwa nake jira."

Ruwan sama ya sauka. Hannu bai warware ba. Reshe na biyu ya bushe. Kowace safiya Tabita takan ce, "Baba, yau fa?" Shi kuma ya ce, "Gobe." Ran nan ya ce wuƙar ba ta da kaifi. Ran nan ya ce wata bai tsaya daidai ba. Yana zaune a tabarma yana jin busasshen ganye yana faɗo masa a ka ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa tana ce masa kira ta, girman kai yana ce masa bari tukuna.

Sai wata safiya wani babban busasshen reshe ya karye ya faɗo dab da ƙafarsa. Tsoro ya kama shi. Ya ce, "Tabita, kawo wuƙar nan. Ki rufe ƙofar gida."

Ta rufe ta zo. Ya ce su fara gwadawa da reshen wani mangwaro dabam. Ya ce, "Nemi ƙaramin itace mai kaurin ɗan yatsanki. Yanke kansa. Tsaga shi a tsakiya, kamar tsawon gaɓa biyu. Yanzu ɗauki reshen, ki fere gindinsa gefe da gefe kamar bakin gatari, yanka ɗaya ɗaya, kada ki yi ta sassaƙa. Cusa shi a tsagar. Ki lura, ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da a gefe ɗaya ne. Naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama, tam, kada ruwa ya shiga."

Ta yi. Ya miƙa hannu ya shafa mahaɗin. Ko shi da ƙuruciyarsa bai fi haka ba.

Tabita ta ce, "Sai me kuma?"

"Shi ke nan."

"Tokar fa? Gashin kazar fa?"

"Babu ruwansu."

Ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallonsa. Ruwan da ta ɗora a murhu kafin ya kira ta ko tafasa bai yi ba. Ta ce, "Baba, dama shi ke nan? A kan wannan ka kori su Yaya daga lambu? A kan wannan Mama ta yi shekara arba'in tana kawo maka abinci tana ajiyewa a bayan zana kamar mai ciyar da kura?"

Ya ce, "Bar magana. Ɗauko tsani."

Ta jingina tsani, ta hau zuwa reshen ƙarshe na wajen rafi. Ganyen yana nan, amma ya yi laushi ya sunkuya. Ta yanko ɗan reshe ta sauko ta ba shi. Ya kankare ɓawon da farce, ya kai hanci, sa'an nan ya miƙa mata.

"Wane launi kika gani a ciki? Kore?"

"Ruwan ƙasa, Baba."

"Hau ki yanko wani. Na can ƙarshe."

Ta hau ta yanko. Ruwan ƙasa. Ta sake hawa. Sau shida tana hawa tana sauka, har ba abin da ya rage da za a yanka. Na ƙarshen da ya lanƙwasa, sai ya karye ƙas a hannunsa.

Tabita ta kwantar da tsanin ta ce, "Sati biyu da suka wuce da na taɓa shi, ɗanye ne shar." Ta shiga ɗaki ta bar shi da guntayen itace a cinya.

Da rani aka sare itacen, aka yi turmi biyu da gindinsa. Ranar Talata kuwa Tabita ta tafi zumuntar mata da wuƙa da leda, kuma yadda tsohon ya ji tsoro haka aka yi, kafin addu'ar rufewa kowace ta iya. Yau garin ko'ina mangwaro mai aure ne, amma babu wancan. Tsohon ya ƙara shekara uku a duniya, yana zaune kusa da kututture. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ba shi labarin wani mangwaro da ya taɓa yi, marar zare, mai zaƙi har kunne. Manya su ce, "Haka ne, Baba," su wuce. Masu tasowa kuwa su ce, "Ina yake?" Ba shi da abin nunawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, mai lambun nan yana cikinmu, kuma ba shi kaɗai ba ne. Reshen da aka naɗe masa a tsumma shi ne baiwar da Ubangiji ya ba kowannenmu. Ba saye ka yi ba. Wani ne ya zaunar da kai ya koya maka, wata ce ta kama hannunki ta nuna miki. Zanar nan kuwa ita ce rowa da girman kai, da tsoron nan na "in wani ya iya, ni kuma wane ne?"

Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Mutum ya shekara talatin yana buga ganga a majami'a, in an tashi sai ya sa makaɗin a aljihu ya tafi da shi gida. Ranar da zazzaɓi ya kama shi, sai mu yi sujada da tafi kamar masu korar tsuntsu a gonar gero. Wata mama ta san waƙoƙin da kakanninmu suka yi ranar da bishara ta fara shigowa garin nan, a ce ta koya wa 'yan mata, ta ce muryarsu ba ta nuna ba. Yaushe za ta nuna, ranar jana'izarki? Dattijo ya riƙe kujera tun ina ɗan firamare, an ce ya ja wani kusa ya nuna masa yadda ake sulhunta mutane, ya ce yaran yanzu ba su da kunya. To wa ya kore su bayan zana? Kafinta, magini, ungozoma, mai ɗorin karaya, duk kuna ji na. Ban kira sunan kowa ba. Wanda ya ji ƙaiƙayi ya sosa a hankali, kada na kusa da shi ya gane.

Masu shuka ƙwallo kuma mu ne iyaye. Muna cewa, ai ɗana ne, a gidan masu bi aka haife shi, dole ya yi daɗi. Ina. Bangaskiya ba ta bin jini. Ɗan fasto ma in an bar shi haka, mai zare zai fito. Sai ka zauna da shi, ɓawo ya taɓa ɓawo. Kuma kun ji yadda ake auren, sai an yanki wannan an tsaga wancan. Koyar da mutum akwai ciwo. Zai ɓata maka aiki, zai yi maka tambayar da ba ka da amsarta, wata rana ma ya fi ka. In ya fi ka, ka gode wa Allah, don abin da aka aiko ka yi ke nan.

Ku tsofaffinmu, muna girmama ku, kuma gaskiya kun yi aiki. Amma in kun zauna kuna tuna baya, kada ku tsaya ga "ni na yi wancan, ni na gina wancan." Ranar da za mu tsaya gaban Mai lambun gaskiya, ba zai tambaye ka mutum nawa suka yaba maka ba. Zai ce, "Abin da na ba ka, a hannun wa ka bar shi?" A nan ba a cewa gobe, ba a cewa wuƙa ba ta da kaifi.

Ku kuma masu baƙin gashi da kuke ta murmushi kuna leƙen dattawa, ku daina. Tsohon nan ba ranar da ya tsufa ya fara rowa ba, yana da ƙarfinsa ya fara, yana kamar ku. Ba wanda ya san ko reshensa saura nawa. Yau in an tashi, kafin ka kai ga tuwon rana, ka nemi mutum ɗaya ka ce masa, "Zo in nuna maka wani abu." In ya kalle ka ya ce, "Dama shi ke nan?" ka haɗiye kunyar ka ce masa, "I, shi ke nan, je ka nuna wa wani."

Ubangiji ya buɗe hannuwanmu tun suna da ƙarfin buɗuwa. Amin.